Kafin ka hau jirgin Ingila karatu, fara da jikinka

Duk wanda ya samu gurbin karatu a Ingila hankalinsa kan tafi wajen biza da kuɗin makaranta da canjin fam, jikin da zai yi karatun kuwa ba a waiwayarsa sai ana saura kwana biyu tafiya, alhali abubuwa da yawa a nan gida suka fi sauƙi da araha. Toh ga yadda za ka bi su.

Gwajin tarin fuka shi ne farko, tunda dole ne ga ɗan Najeriya da zai zauna sama da wata 6, kuma ba a kowane asibiti ake yi ba sai wanda gwamnatin Birtaniya ta amince da shi, kamar na IOM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Abuja da Legas. Takardar wata 6 take aiki. Kar ka bari sai lokaci ya ƙure, don in hoton ƙirji ya nuna wani abu za su karɓi majina, sakamakon kuma yana iya kai sati 8. Katin rigakafin shawara shi ma ka duba, allurar sau ɗaya ce a rayuwa amma sai bayan kwana 10 katin yake fara aiki. Ka tambayi rigakafin sankarau, a can ma ana ba sabbin ɗaliban jami'a 'yan ƙasa da shekara 25 shawarar su yi.

Yanzu maganar da mutane suka fi rainawa, haƙori da ido. Eh, ka biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi tun 2024, kuma zai ba ka damar ganin likita a NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin Birtaniya, ba tare da ka sake biya ba, amma haƙori da tabarau ba su shiga ciki haka kawai, kuma samun likitan haƙori na NHS mai karɓar sabbin mutane aiki ne ja wallahi. Wannan haƙorin da yake maka tsami in ka sha ruwan sanyi, kana tauna ta ɓangare ɗaya kana cewa zai daina, je ka a cike shi ko a cire tun kana gida. Mai sa tabarau ya yi guda biyu, ya karɓi takardar awon idonsa.

In kana da ciwon da kake shan magani kullum, asma ko sikila ko olsa ko ciwon suga, ka sa likitanka ya rubuta maka wasiƙa da Turanci mai sunan ciwon da magungunan da yadda kake sha. Magani ya zauna a kwalinsa na asali, a jakar hannu, ba a ƙulle a leda ba. Irin su tramadol da kodin doka tana da tsauri a kansu, kar ka ɗauka ba takarda, kar kuma ka karɓi saƙon maganin kowa. Can ba kamar nan ba ne da za ka leƙa kemis ka ce a haɗa maka na typhoid, maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta. Masu sikila kuma dan Allah ku shiga jirgi da rigar sanyi a hannu, sanyi yana tayar da ciwon. Sannan in zazzaɓi ya kama ka bayan ka sauka, ko da an yi watanni, ka faɗa wa likita daga Najeriya kake a duba maleriya, kar a ɗauka mura ce.

Shi kuma sanyin ba shi ne matsalar ba kamar duhun. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi a Landan, ka fito daga aji ka tarar har an yi magariba, ka koma ɗaki kai kaɗai ba mai ce maka ya karatu. Nan kewar gida take shiga. Shi ya sa tun kana nan ka nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan Najeriya ta jami'arka, ka san masallaci ko cocin da ke kusa, ka tsayar da ranar waya da Umma da Baba. NHS kuma tana ba da shawarar shan bitamin D, maikrogiram 10 kullum a lokacin sanyi, mu masu baƙar fata ma duk shekara.

Ka shiga kicin ka koyi miya biyu ko uku, namiji ne kai ko mace. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji za su yi maka rana, amma kilishi da dambun nama da man shanu bar su, an hana shiga da nama da kayan madara daga nan, ko Goggo ta yi fushi.

Sallama kuma ka fara ta da wuri, ka gama zagayen dangi saura sati, kwanakin ƙarshe ka samu barci. Da ka sauka, a satin farko ka yi rajista da asibitin GP na unguwarku, wato likitan da ake fara gani in ba lafiya, kar ka jira sai ka kwanta.