Yadda za ka gyara adaidaita sahu don fasinjan karkara

A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo adaidaita sahu Kano domin ɗaukar mata. Yau ta sauka daga kwalta ta shiga burji, kuma har yanzu mata ne suka fi cika bayanta: masu zuwa awo, masu goyo, tsofaffi. Ɗinkin kujera nake yi a nan Wudil, kuma su nake tunawa duk sanda aka kawo min aiki.

Fara da kujera. Soson da mashin ke zuwa da shi, gargada ba ta barin sa ya daɗe, sai ya lotse ƙarfe ya riƙa dukan ƙashin mutum. Sa soso mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Bakin kujerar ya ɗan ɗaga sama kaɗan, don kada mai ciki ta zamo gaba in ka taka birki. Kada a cika wa kujerar tudu, in an faɗa rami kan dogon mutum zai bugi ƙarfen rufi. Baƙar leda kuwa, a zafin Afrilu ƙuna take. Shimfiɗa mata yadi mai kauri.

Sai mai walda. Bajaj da TVS, masu ƙera adaidaitar, na Indiya ne, can hannun hagu suke tuƙi, mu kuwa dama. Saboda haka gefen hagu za a tare da ƙarfe, kowa ya fita ta dama, ba cikin titi ba. Ya ƙara mariƙi a inda hannun tsohuwa zai kai ba sai ta miƙe ba, ya kuma goge kaifin waldar, kada ya yage hijabi ko ya yanki yaro.

Abin da ya fi damuna shi ne lodin ranar Juma'a. Taya uku gare ta, ɗaya tal a gaba. In ka ɗora buhun masara a kan rufi, kana shan kwana za ta kifar da ku. Kaya mai nauyi a ƙasa yake zama, a tsakiya. Mutum uku a baya, kai kaɗai a gaba, domin na gefenka shi ke tare maka gwiwar hannu lokacin da kake buƙatar kauce wa rami.

Kafin ka fita, duba iskar tayoyin baya ta zo ɗaya. In shokazoba ta fara zubar da mai, kai wa bakanike a ranar.