Shawara ga masu shirin ritaya

Salamu alaikum jama'a. Magana ce a kan ritaya, don na ga da yawa cikinmu sai takarda ta iso sannan ake fara tunanin to yanzu mi za a yi.

Ka dai san doka ga yawancin ma'aikatan gwamnati, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wacce ta riga zuwa. To tun saura shekara biyar ka fara, kar ka jira giratuti wai sai ta fito za ka ja jari, kuɗin nan suna iya daɗewa, kuma ranar da suka shigo 'yan uwa da masu kawo maka "harka mai riba" duk sun ji labari. Ka duba fayil ɗinka tun yanzu, ranar haihuwa da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma ta ƙarshe su dace da juna, don kuskuren kwanan wata ɗaya sai ya sa mutum ya yi ta zarya sakatariya.

Ni kiwo na kama. Na sayi tumaki huɗu a kasuwar Mai'adua ina aiki ina koyo, har asara na yi a shekarar farko don ban yi masu allura ba kafin damina, amma da yake albashi na shigowa ban ji ta sosai ba. Yanzu da asuba masallaci, sai garke, da la'asar in leƙa islamiyyar unguwarmu nan Daura in taya su karatu. Zaman dakali kam ban da shi, hawan jini ma ya sauka Alhamdulillah.