Tallafin karatu na jiha a Amurka: sharuɗɗa da tantancewa

Yawancin jihohi sai ka shekara guda da zama a cikinsu kafin su ɗauke ka ɗan jiha. Cike fom ɗin FAFSA (fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wanda jihohi ma ke amfani da shi) da wuri, domin wa'adin jiha kan riga na tarayya cika; na Cal Grant, tallafin karatu na jihar Kalifoniya, yawanci 2 ga Maris ne.

In aka zaɓe ka domin tantancewa, wato tabbatar da bayanan da ka cike a fom ɗin, kada hankalinka ya tashi, ba zargi ba ne. Makaranta tana iya neman takardun harajin shekara biyu baya, adadin mutanen gidanku, wani lokaci da katin shaida. Ka duba sa hannu da kyau: takarda ɗaya da mahaifi bai sa wa hannu ba tana iya tsayar da kuɗin gaba ɗaya.

Bayan samun tallafin, yawanci sai ka riƙe makin GPA (matsakaicin makin darussanka) 2.0 ko fiye domin a ci gaba da ba ka.