Yadda Ake Ceto Bayanai Daga Fayil Ɗin Access Da Ya Lalace

Wata Asabar da hantsi wani Alhaji mai sayar da masara da wake a Tudun Hatsi ya sauko daga Keke a ƙofar shagona a nan Gombe, rungume da akwatin kwamfuta. An ɗauke wuta daidai lokacin da yaronsa ke shigar da lissafin buhuna. Da aka tada janareta, sai Access, manhajar Microsoft ta ajiye bayanai, ya ƙi buɗe fayil ɗin, yana ta nuna "Unrecognized database format". Sunayen duk waɗanda Alhaji yake bi bashi suna ciki.

Na ce, "Alhaji, sau nawa kuka gwada buɗe shi?"

Ya ce, "Malam, ai tun jiya da dare muke fama."

Nan gabana ya faɗi, domin duk lokacin da Access ya yi yunƙurin gyara fayil, rubutu yake yi a cikinsa, kuma yana iya ƙara ɓarnar.

Saboda haka abu na farko, ka tsame hannunka daga fayil na asali. Rufe Access a duk kwamfutocin da ke amfani da shi, ka yi kwafi biyu a cikin kwamfutarka, ka ajiye ɗaya a filash. Duk gwajin da za ka yi, a kan kwafi ne. Fayil ɗin zai ƙare da .accdb idan na Access 2007 ne zuwa sama, ko .mdb idan tsoho ne. A gefensa kana iya ganin wani ɗan ƙarami mai .laccdb ko .ldb. Wannan na kulle ne kawai, babu lissafinka a ciki. Idan kowa ya rufe amma yana nan, goge shi. In kuwa kwafin kansa ya ƙi yiwuwa, yana tsayawa a tsakiya, to faifan kwamfutar ne ke ciwo. Kashe ta, ka kai wa mai gyara.

Kafin ka shiga wahala, nemi tsohon kwafi. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse), ka shiga Properties, ka duba Previous Versions. Sau da yawa babu komai a wurin don ba a kunna ajiyar Windows ba, amma dubawar ba ta cin minti ɗaya. Ka tambaya kuma ko an taɓa tura wa akanta ta imel.

Sai gyaran da Access ya zo da shi. Buɗe Access ba tare da ka buɗe fayil ɗin ba, ka je Database Tools, ka danna Compact and Repair Database, ka zaɓi kwafinka. Idan ya buɗe, kada ka yi saurin murna. Wani lokaci gyaran yakan zubar da layukan da ya kasa karantawa, ya rubuta matsalar a wani tebur, wato jadawalin bayanai mai layuka da ginshiƙai, mai suna MSysCompactError. Duba shi, ka kuma duba yawan layukan kowane tebur. Ka lura da girman fayil ɗin ma: iyakar Access gigabait 2 ce, kuma masu cusa hotunan rasit a ciki sukan kai bakinta ba su sani ba.

Idan yana buɗewa sannan ya rufe kansa, danne Shift lokacin buɗewa. Wannan yana tsallake fom ɗin farko, wato shafin shigar da bayanai da ke fara bayyana, ya kai ka ga teburan kai tsaye.

Na Alhaji duk bai ji waɗannan ba, sai muka koma ga kwashe kaya. Buɗe sabon fayil wanda babu komai a ciki, ka je External Data, ka zaɓi shigo da bayanai daga Access, ka nuna masa lalataccen kwafin. Tebur ɗaya-ɗaya za ka ɗauko. In ka kwaso duka a tashi ɗaya, guda mai ciwo na iya tsayar da aikin. Fara da wanda ranka ya fi so, wato na bashi. Fom da rahoto su jira, waɗannan ana sake gina su a yini guda, amma babu mai tuna maka wa ya karɓi buhu ashirin a watan azumi.

Teburin da ya ƙi shigowa shi ke buƙatar haƙuri. In yana buɗewa a kwafin, gangara a hankali har ka ga layin da ya koma #Deleted ko #Error, ko wasu haruffa kamar rubutun Sin. Rubuta lambar layin da ke samansa da na ƙasansa. Kwashe daga farko zuwa na saman, ka liƙa a Excel, sannan ka tsallake mai ciwon ka kwashe sauran. Yawanci ginshiƙin dogon rubutu, inda ake zuba bayani mai yawa, shi ne ke fara lalacewa. Ka gwada barinsa ka ɗauki suna da kuɗi da kwanan wata.

Akwai manhajojin ceto na kuɗi. Kada ka biya sai na gwajin ya nuna maka ainihin sunayen mutanenka a allo, kuma ni ban yarda a ɗora lissafin jama'a a shafin intanet da ba a san mai shi ba. Fayil ɗin da girmansa ya koma sifiri kuwa, babu manhajar da za ta fitar da komai daga cikinsa.

Wajen la'asar muka gama. Layi biyu ne suka salwanta, na cinikin da ake shigarwa lokacin da wutar ta tafi, kuma yaron ya same su a littafin rasit. Na sa Alhaji ya sayi UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, na hana su aiki kai tsaye daga filash, na kuma nuna wa yaron yadda zai kwafi fayil ɗin kullum bayan ya rufe Access, ya sa kwanan wata a sunan. Alhaji dai bai tashi ba sai da aka buga masa teburin bashin a takarda, ya ninke ya cusa a aljihun babbar riga.