Yadda Za Ku Hada Kungiyar Wakar Fank a Garwa ta Kamaru Ba Tare Da Kun Watse Ba

Wakar fank rok (punk rock, kidan jita mai sauri da kara) dai ta taso ne a New York da Landan wajajen 1976, kuma dadinta ba sai ka kware ba, jita daya, bes (jita mai kaurin sauti) daya, mai ganga da mai ihu, waka minti biyu an gama. Ku fara neman wajen gwaji nesa da masallaci da gidan dattawa, mu a garejin wani bakanike muka rabe, kuma ku tanadi janareta don wuta sai ta ga dama.

Amma maganar kudi ita ce ta kashe tamu kungiyar wallahi. Wasan farko da muka yi aka bamu sefa dubu ashirin, mai jita yace amfilifaya, na'urar kara sauti, tasa ce don haka rabi nasa ne, mai ganga yace shi ya biya dan moto, kafin wata uku kowa ya kama gabansa har gaisuwa ta gagara. Don Allah ku rubuta rabon tun kafin a hau dandali, a ware kudin mai da na wayar jita tukunna.

Sannan duk wanda zai tafi jami'a Ngaundare ko zai yi aure ya fada da wuri a nemo madadinsa.