Yadda Ake Fiɗar Ragon Dutse da Dafa Namansa a Wajen Farauta

Maharbin da ya kayar da ragon dutse, wato ragon daji, a kan tsauni, inda sai an yi tafiyar kwana biyu a ƙasa kafin a kai ga hanyar mota, babban aikin da ke gabansa shi ne ya fitar da zafin jikin dabbar daga naman da wuri. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 4 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, gashin ragon kuwa yana riƙe zafi kamar bargo, saboda haka ragon da aka bari da fatarsa har gari ya waye yana iya fara wari daga cikin kwankwaso ko da an kwana ana sanyi.

Da farko a gyara wa dabbar kwanciya. Ragon dutse ba ya faɗuwa a wuri mai daɗi, galibi a gangare ne ko cikin tsakuwa mai zamewa, don haka a ɗaure ƙahon da igiya a jikin dutse, ko a janyo shi zuwa inda mutum zai iya durƙusawa ba tare da ya zame da wuƙa a hannu ba. A shimfiɗa leda mai tsabta a gefe domin ajiye nama.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a feɗe ba tare da an farke ciki ba. A kwantar da ragon a gefe ɗaya, a tsaga fata daga wuya zuwa gindin wutsiya ta gadon baya, bakin wuƙar yana duban sama, domin idan aka yanka daga waje sai gashi ya gutsuttsure ya manne a nama, kuma tsince shi aiki ne mai cin rai. A ɗaye fatar zuwa ƙasa har gefen sama ya fito fili. Karfata ba ta da wuya, tun da babu gaɓar ƙashi da ta haɗa ta da gangar jiki: a ɗaga ƙafar, a bi ƙarƙashinta da wuƙa, za ta rabu. Cinya ce ke bukatar natsuwa. A bi jikin ƙashin kwankwaso a hankali, ana ɗaga ƙafar har a ji gaɓar ta ɓalle, a ga farin kan ƙashi mai sulɓi ya leƙo, sannan a yanke jijiyar da ke riƙe da shi. A nan fatar ciki siririya ce, kuma tsinin wuƙa ɗaya ya isa ya huda hanji ko mafitsara ya ɓata cinya guda.

Bayan haka a zare doguwar tsokar da ke kwance a gefen ƙashin baya, a yanke naman wuya da na ƙirji, sannan a juya ragon a maimaita. Tantaƙwashi, wato tsokoki biyu masu laushi da ke ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, ana samunsa ta ɗan tsagi a bayan haƙarƙari na ƙarshe: a danne tumbi da hannu ɗaya, a ɓamɓaro tsokar da yatsu. Sai a ƙarshe za a buɗe ciki a ciro zuciya da hanta, a raba haƙarƙari da ƙaramin zarto. Hantar da aka ga farin tabo ko ƙurji a jikinta a bar ta a nan.

Raina yana ɓaci idan na ji an ɗauki ƙaho an bar nama. A jihar Alaska ta Amurka, inda lokacin farautar farin ragon Dall yakan fara daga 10 ga Agusta zuwa 20 ga Satumba, doka ta wajabta a kwashe naman cinya da karfata da wuya da ƙirji da haƙarƙari da gadon baya, kuma ba a ɗauke ƙaho daga wurin kafin nama, sai dai tare da kaya na ƙarshe. Babban rago yana ba da kimanin kilo 30 na zallan tsoka. Cire ƙashi yana rage nauyi, amma naman da aka tara curi guda a jaka yana daɗewa bai huce ba, don haka a baza shi ya sha iska tukuna.

A zuba naman cikin jakunkunan yadi masu shan iska, waɗanda ƙuda ba ya iya ratsawa, a jera su a inuwa a kan duwatsu ko rassa yadda iska za ta bi ta ƙasa. Idan ruwa ya sauko a yi musu rumfa da tampol, kada a lulluɓe su, domin damshi yana saurin ɓata nama. Da waje ya bushe ya yi ɗan ɓawo mai duhu, an samu abin da ake so. A ƙasar da ake da beyar, wata babbar dabbar daji da ƙanshin nama ke janyowa, a ajiye naman kimanin mita 100 daga tanti, a inda za a hango shi daga nesa.

Daren farko na zuciya da hanta da tantaƙwashi ne. Sauran tsoka tana sandarewa bayan 'yan sa'o'i, kuma sai ta kwana biyu ko uku kafin ta saki ta yi laushi. A yanka zuciya falle-falle, a barbaɗa gishiri, a soya da ɗan kitsen ragon a kasko mai zafi sosai.

Haƙarƙari kuwa shi ne abin marmarin wannan tafiya. A saman tsauni itace yana da wuya, don haka a tsinto busassun rassa tun daga kwari. A bar wuta ta zama garwashi, a soke haƙarƙarin da ɗanyen sanda, a kafa shi a gefen wutar, ɓangaren ƙashi yana fuskantar zafi. Za a ga kitsen yana narkewa yana bin ƙashi yana ɗiga, naman yana janyewa daga bakin ƙasusuwan. Aikin yana cin sa'a biyu ko fiye, ana juyawa lokaci lokaci, kuma a ci shi da zafinsa, domin kitsen rago yana daskarewa a dasashi da zarar ya huce.

Tsokar gadon baya ba ta da kitse sosai, saboda haka wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci take so. Idan tsakiyarta ta kai digiri 63 a sauke, a bar ta minti uku kafin a yanka. Naman wuya da na ƙwauri a bar su sai an koma gida. A tsayin mita 3,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 90, don haka nama mai jijiya zai cinye gas ɗin ɗan murhun tafiya kaf bai nuna ba.