Ɗan littafin addu'a a cikin jaka

'Yan'uwa cikin Almasihu, barkanmu da war haka. Ga wata 'yar dabara da na koya wurin wata mama a Zumuntar Mata, ta kuwa rage mini tashin hankali sosai.

Ku sayi ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan firamare. Duk abin da ya hana ku barci ku rubuta shi da kwanan wata: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, jinyar tsohuwa, bashin da aka ƙi biyanku. Sai ku ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ku yi addu'a, yadda Filibiyawa 4:6 ta koya mana mu kai roƙonmu gaban Allah tare da godiya. Ku bar gefen dama fili. Ranar da amsa ta zo, ku rubuta ta inda ta ɓullo.

Nawa yana cikin jakar da nake zuwa kasuwar Sabon Gari da ita, manja duk ya ɓata bangon. In adaidaita ta maƙale a cunkoson Bata, shi nake buɗewa maimakon waya. Wata rana na wuni har la'asar ban yi cinikin ko sisi ba, na leƙa shafin bara, sai ga hayar da na sha kuka a kanta, a gefenta da rubutuna: an biya. Ba duka aka amsa ba fa. Akwai layin da ya shekara biyu gefensa fayau, ina nan ina jira.

Amma kada ku sa cikakken sunan mutum in sirrinsa ne, yara akwai binciken jaka. Harafin farko ya isa.